Bimbinin Safiya: Makahon Kogi da Matafiyin Dare

 Kafin gari ya gama wayewa hankali ya koma kan abin kari da kuɗin mota, mu ɗan tsaya a kan wasu bayin Allah guda biyu da ba su san juna ba, ba kuma za su taɓa gamuwa ba. Ɗaya yana cikin kogin Ganga na ƙasar Indiya. Dolfin ne na kogi, tsawonsa ya haura mita 2, bakinsa dogo siriri cike da haƙora, mutanen bakin kogin suna ce masa susu. Ɗayan kuwa faɗa-wuta ne, cikin ƙwarin nan da ke kewaya fitila da dare, mai launin ƙasa, wanda ko ya baje fukafukansa duka ba zai wuce santimita 5 ba. A Ostiraliya yake, can ana kiransa bogong. Babu inda ido zai duba ya ce ga kama a tsakaninsu. Amma a kundin da masana ke ajiye sunayen halittun da ake tsoron ƙarewarsu, su biyun a layi ɗaya suke, hukuncinsu ɗaya: suna cikin haɗari.

Mu fara da salsala. Masana halittu suna bin asalin kowane mai rai yadda mai tarihin zuri'a ke bin mutum, daga gidansu zuwa danginsu, daga dangi zuwa ƙabila, har a kai inda kowa ya haɗu. Tsarin da ake bi yau ya samo tushe daga Carl Linnaeus, masani ɗan ƙasar Suwidin, a ƙarni na 18. Susu da bogong a can ƙoli kawai suka haɗu, inda aka ce dukansu dabbobi ne. Daga nan hanya ta rabu, ba ta sake gamuwa ba. Susu ya bi layin masu ƙashin baya, ya shiga ajin masu shayarwa. A ruwa ake haifarsa, a ruwa yake mutuwa, amma ba kifi ba ne. Da huhu yake numfashi, dole ya riƙa leƙowa sama kowane minti ɗaya ko biyu ya shaƙi iska. Uwarsa takan ɗauki cikinsa wajen wata 9 ko 10, ta haife shi shi kaɗai, ta ba shi nono, ba za ta sake haihuwa ba sai bayan shekara 2 ko 3. Shi kansa Linnaeus da farko cikin kifaye ya jera dolfin da 'yan'uwansa na teku, sai a 1758 ya mai da su cikin masu shayarwa. Da aka zo ana duba ƙwayoyin halitta a zamaninmu, sai aka tarar wadda ta fi kusa da su cikin dabbobin da muka sani ita ce dorina, daga ita sai dangin shanu da awaki.

Bogong kuwa ya bi layin waɗanda ba su da ƙashi a ciki sai ɓawo a waje, ya shiga ajin ƙwari masu ƙafa shida, cikin rukunin da ya haɗa malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta. Faɗa-wutan da masana suka ba suna sun kai iri 160,000, alhali masu shayarwa na duniya gaba ɗaya, daga jemage har giwa, ba su kai iri 7,000 ba. Danginsa na kusa, da ake kira Noctuidae, sun haura iri 11,000. Dangin susu, wato Platanistidae, biyu kacal suka rage a doron ƙasa: shi da ɗan'uwansa bhulan na kogin Indus a Pakistan, waɗanda har zuwa 2021 ma iri ɗaya ake lissafa su.

Abin da ya fi kama zuciyata game da susu shi ne idonsa. Ɗan mitsitsi ne, kuma babu madubin nan na ciki da ke tattara haske ya fitar da siffar abu. Iyakarsa ya bambance haske da duhu. A taƙaice dai makaho ne. To amma ina amfanin ido a ruwan Ganga, wanda ke ɗauko laka da yashi tun daga duwatsun Himalaya? Sai Mahalicci Ya buɗe masa wata ƙofa. Yana fitar da wata ƙara mai kaifi a jere ba tsayawa, ƙarar ta bugi abin da ke gabansa ta dawo, daga amon nan ya gane kifi ne ko jatan lande ko kututture, ya san nisansa da girmansa. Sau da yawa a kaikaice yake iyo, a kan gefensa, yana jan fiffikensa ɗaya a kan lakar ƙasan kogi yana lalube. Haka yake farauta, haka yake bin hanya, cikin ruwan da babu mai gani.

Na bogong ya fi wannan ban mamaki, kuma ina so mu daɗe a kansa. Uwarsa takan yi ƙwai a filayen kudancin Queensland da yammacin New South Wales da yammacin Victoria, ta mutu. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta ci ganye lokacin sanyi, ta shige ƙasa ta naɗe, ta fito da fukafukai wajen watan Satumba ko Oktoba. A can wannan lokacin ne zafi ke ƙaratowa, zafin da in ya tarar da shi a filin nan zai kashe shi. Sai ya tashi. Dare bayan dare yana tafe, tafiyar da kan kai kilomita 1,000, ya nufi wasu kogunan dutse masu sanyi a ƙololuwar duwatsun kudu maso gabashin ƙasar. Can zai manne a bango shi da 'yan'uwansa, kan wannan ƙarƙashin fiffiken wancan, har a samu wajen 17,000 a murabba'in mita ɗaya. Su yi watanni a haka ba su motsi sosai, sai zafi ya wuce wajen Fabrairu ko Maris su sauko, su koma filin da aka haife su, su yi barbara, su yi ƙwai, su mutu. Ka lura da wannan, ɗan'uwa: babu ɗaya cikinsu da ya taɓa ganin kogon nan kafin ya nufe shi. Iyayen da suka san hanya sun mutu watanni kafin 'ya'yan su fito. Babu jagora, babu wanda ya taɓa zuwa ya dawo ya ba da labari. Duk da haka kogunan da kakanni suka shiga su jikoki ke shiga, shekara bayan shekara, tun zamanin da mutanen ƙasar na asali ke hawa duwatsun nan su taru su gasa ƙwarin su ci, su yi zumunci da shagulgula. An tono dutsen niƙa a wani kogo da ke Victoria ɗauke da ɓurɓushin bogong na kusan shekara 2,000.

Da me yake gane hanya? Wasu masana ƙarƙashin Eric Warrant na Jami'ar Lund a Suwidin sun yi shekaru suna bin wannan tambaya. A 2018 suka nuna cewa yana jin maganaɗisun ƙasa, abin nan da ke juya allurar na'urar gano alƙibla. A 2025 kuma suka fito da abin da ya fi haka. Suka sa ƙwarin a wani ɗaki da aka kashe tasirin maganaɗisu a cikinsa, suka haska musu hoton sararin samaniya na dare a rufi. Ƙwarin suka fuskanci inda ya kamata su nufa a wannan lokaci na shekara. Da aka juya hoton baibai, su ma suka juya. Da aka hautsina taurarin, sai suka rasa gaba suka rasa baya. Ashe da taurari yake tafiya, ƙwaron da ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.

A nan ne harshe ke cewa Subhanallahi ba tare da an umarce shi ba. Lokacin da Fir'auna ya tambayi Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wane ne Ubangijinsa, amsar da ya bayar kamar yadda Suratu Ɗaha ta kawo a kan abu biyu ta tsaya: Shi ne Mai ba kowane abu ƙirarsa, kuma Shi ne Mai nuna masa hanya bayan ƙirar. Ga su nan a gabanmu. An hana wannan ido aka ba shi ji, aka ba wancan taswirar taurari tun yana cikin ƙwai. Masana sun raba su tun daga matakin farko na salsala, amma hannun da Ya shiryar da su ɗaya ne, kuma bai yi wa ƙaramin aikin gaggawa ba don ƙanƙantarsa.

To me ya kai su layin haɗari? Kundin da na ambata na Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ne, IUCN, wadda aka kafa a 1948, mai hedikwata a garin Gland na Siwizalan. Tun 1964 take ajiye abin da ake kira Jan Kundi. Matakansa tara ne. Akwai waɗanda ba a duba su ba tukuna, da waɗanda aka duba bayani bai isa ba. Sai waɗanda babu fargaba a kansu, da na dab da shiga matsala. Daga nan sai matakai uku na tsoro: mai rauni, mai cikin haɗari, mai cikin matsanancin haɗari. Ƙarshe sai wanda ya ƙare a daji ya rage a hannun masu kiwo, da wanda ya ƙare ƙaƙaf. Susu yana matakin haɗari tun 1996. Bogong ya tarar da shi a can a Disamba 2021.

Na susu bai ba kowa mamaki ba. Ƙidayar da gwamnatin Indiya ta yi a koguna 28, wadda aka bayyana a Maris 2025, ta samu dolfin ɗin kogi 6,327 a ƙasar duka. An datse kogunansa da madatsai, irin ta Farakka da aka buɗe a 1975, aka raba shi da 'yan'uwansa gida-gida. An janye ruwa zuwa gonaki har kogi ya ƙanƙance da rani. An zuba dattin birane da na masana'antu. Jiragen ruwa sun cika kogin da ruri, alhali shi da kunne yake gani. Mafi muni ita ce komar zaren roba siririya, wadda da ƙyar ƙararsa ke dawowa daga jikinta. Yakan faɗa ciki bai sani ba, ya kasa leƙowa ya shaƙi iska, ya nutse a ruwan da aka haife shi. Akwai kuma masu kashe shi da gangan don kitsensa, su yi tarkon kifi da shi.

Amma bogong fa? Ƙwaron da a da ake ƙiyasta biliyan 4 ke hawa duwatsu kowace shekara, wanda in ya ratso ta Canberra, babban birnin ƙasar, yakan cika majalisar dokoki har ya hana mutane sakat? Fari ne ya sauka a filayen haihuwarsa daga 2017 zuwa 2019, fari mai tsanani, ganyen da tsutsa za ta ci bai fito ba. Masana suna kuma zargin sauya filayen zuwa manyan gonaki, da feshin magani, da fitilun birane. Masu hawa duwatsu don ƙirga su suka tarar da kogunan da suka saba gani maƙil babu komai sai dutse. An ƙiyasta raguwar ta kai kashi 99.5 cikin 100. Shi kuwa Jan Kundi ba yawan da ya rage kaɗai yake dubawa ba, yana duba saurin da ake zubewa cikin shekara 10 ko tsara uku. Idan rabi ya tafi kuma abin da ya jawo haka bai kau ba, an shiga haɗari, ko da sauran miliyoyi ne. Ta haka mai biliyoyi ya sami kansa kafaɗa da kafaɗa da mai dubu shida.

Kuma bai faɗi shi kaɗai ba. A duwatsun nan akwai wata 'yar dabba mai kama da ɓera, cikin masu goyon 'ya'ya a jakar ciki, wadda duka-duka ba su wuce 2,000 ba a duniya. Takan yi barcin watanni ƙarƙashin ƙanƙara, ta farka da yunwa daidai lokacin da bogong ke isowa, ta ci ta yi ƙiba ta shayar. A shekarun farin nan ta farka ba ta tarar da komai ba. Masu bincike suka riƙa samun iyaye mata da matattun 'ya'ya a jakarsu. Har sai da ma'aikatan gidajen namun daji na Victoria suka haɗa wani abinci mai kama da biskit suka riƙa kai musu kan dutse. Wa zai ce nonon wata uwa a ƙarƙashin ƙanƙara yana rataye da ruwan saman da zai sauka a wani fili mai nisan kilomita 1,000?

Kada mu ɗauka matakan ƙarshe na kundin nan ado ne. A da susu yana da wani takwara a kogin Yangtze na ƙasar Sin da ake kira baiji, farin dolfin, shi kaɗai ne a danginsa. An ƙiyasta a shekarun 1950 sun kai 6,000, wato kusan adadin susu na Indiya a yau. A shekarun 1980 sun koma wajen 400. Ƙidayar 1997 ta ga 13. Akwai guda ɗaya da aka sa wa suna Qiqi, wanda ƙugiyar masunta ta raunata a 1980, aka kai shi wata cibiyar bincike a birnin Wuhan, ya zauna a tafkin siminti shekara 22, ya mutu a Yuli 2002. A ƙarshen 2006 masana daga ƙasashe daban-daban suka shiga jirage biyu da na'urorin hange da na sauraro, suka yi mako 6 suna bin kogin daga Yichang zuwa Shanghai suka dawo, tafiyar kusan kilomita 3,500. Ba su ga ko ɗaya ba, ba su ji ko ɗaya ba. Babu wanda ya tashi da niyyar ƙarar da baiji. Masunci yana neman abincin iyalinsa, mai jirgi yana kai kaya, mai madatsa yana neman lantarki. Kowa da uzurinsa, kuma uzurin gaskiya ne. Sai da Sin ta hana kamun kifi a Yangtze na tsawon shekara 10 daga Janairu 2021, amma ga baiji an makara.

Wannan shi ne abin da ke tsorata ni. Shiriyar da Allah Ya ba halittun nan ba ta lalace ba. Kunnen susu lafiya lau yake, taswirar bogong tana nan daram. Mu ne muka sa a kogi zaren da kunne ba ya ji, muka kunna a ƙasa hasken da ke gasa da na sama. Wani bincike da aka buga a 2024 ya nuna cewa ƙwarin dare suna juya bayansu ga inda ya fi haske don su san ina ne sama, domin tun fil'azal sama ce ta fi ƙasa haske ko da dare. Da fitila ta shigo, sai ƙwaro ya juya mata baya yana zaton sama ce, ya yi ta kewaya ta har ya gaji ya faɗi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga misali da wannan a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito: mutum ya hura wuta, ƙwari suna ta afka mata, yana kore su suna rinjayarsa, ya ce haka yake riƙe da mu don kada mu afka, mu kuwa muna fizgewa. Misalin a kanmu yake, kuma ya dace da mu ta fuska biyu. Mu ma an ba mu fiɗira mai neman sama, hasken ƙarya yana juya mu. Sannan ga shi yau mu ne masu hura wutar da wasu halittu ke faɗawa. Suratur Rum ta riga ta danganta ɓarnar tudu da ta ruwa ga aikin hannuwan mutane.

Akwai wani abu kuma da kundin masana ke tonawa game da zukatanmu. Masu shayarwa kusan duka an duba su, an san matakin kowa. Ƙwari kuwa, cikin wajen iri miliyan ɗaya da aka ba suna, waɗanda aka duba ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Sauran suna matakin nan na farko, na waɗanda ba a duba ba. Ban ga laifin masana ba, aikin ya fi ƙarfin hannuwan da ke yin sa. Amma mu dubi wa muka fara dubawa. Mun fara da mai girma, mai jini irin namu, mai shayarwa kamar iyayenmu mata. Indiya ta ɗaga susu ya zama dabbar ruwa ta ƙasa a 2009, an keɓe masa wani yanki na kogi a jihar Bihar tun 1991, kuma ya cancanta. Bogong kuwa sa'a ya yi yana taruwa a wuri ɗaya inda za a ga giɓinsa. Dubban 'yan'uwansa da ke warwatse a dazuzzuka za su iya ƙarewa babu wanda ya taɓa sa musu suna balle ya yi jimami. Haka muke yi da mutane ma, in za mu faɗi gaskiya. Rashin lafiyar babba labari ne, mutuwar talakawa lissafi ne, wani lokaci ko lissafin ba a yi.

A wurin Allah babu matakin waɗanda ba a duba ba. Suratu Hudu ta sanar da mu cewa arzikin kowane mai motsi a bayan ƙasa a kanSa yake, kuma Ya san mazaunin kowa da makomarsa. Suratul An'am ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinmu. Wanda Ya san wannan Shi ne Ya ɗora mana halifanci a ƙasa, kuma amanar da Ya ba mu ba ta tsaya ga abin da muka ƙirga ba.

Kada mu ce wannan zancen Indiya da Ostiraliya ne. Kogunanmu ba su da dolfin, amma Kwara da Binuwai suna da ayu, shi ma mai shayarwa ne, kodayake a salsala giwa ce 'yar'uwarsa. Yana matakin mai rauni, taki ɗaya ƙasa da susu, ana kashe shi don namansa da mansa. Sannan ga angulu. Duk wanda ya haura shekara 40 ya san lokacin da ba a raba mahauta da angulu, ga su a kan kuka, ga su a rufin kasuwa, har ana korarsu da dutse. Wa ya taɓa tunanin za a wayi gari yaro ya girma a birni bai taɓa ganinta ba? Angulun nan tamu ta kasuwa ta shiga matakin haɗari a 2011, ta haura matsanancin haɗari a 2015, wato yanzu ta fi susu kusa da ƙarewa. Guba ta ci wasu, an sare manyan itatuwan da suke sheƙa, kuma kasuwar masu sayen kai da ƙafar angulu don tsibbu ta kwashe da yawa. Ita ce ke share mana mushe kyauta kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta. Ba mu ƙirga ta ba saboda tana da yawa, kuma muna ƙyamarta.

Muna da namu faɗa-wutan ma da muka ci moriyarsa. Zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, daga tsutsar wani faɗa-wuta yake da masana ke kira Anaphe. Tsutsotsin sukan taru su saƙa gida ɗaya a jikin itace irin su tsamiya da doka, a ciro gidan a dafa da toka, mata su kaɗa zaren. Yau da ake sare doka ana gawayi, wa ke zagawa ya duba ko gidajen nan suna nan?

Na san manomi zai ce: malam, ni kuma in tausaya wa faɗa-wuta? Yana da hujja. Tsutsar nan da ta shigo Afirka a 2016, aka fara ganinta a Najeriya, mai shiga zuciyar masara ta cinye, dangi ɗaya suke da bogong. Haka tsutsar da ke huda zangarniyar gero a Nijar da arewacin Najeriya. Shi kansa bogong yana tsutsa yakan yanke shuka a gindi. Addini bai ce ka naɗe hannu tsutsa ta cinye abincin 'ya'yanka ba, tunkuɗe cuta halal ne, wani lokaci ma wajibi. Amma akwai iyaka, kuma an nuna mana ita. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi, ya sa aka ƙone gidan tururuwan duka, Allah Ya yi masa wahayi Yana zarginsa da halaka al'umma guda mai tasbihi saboda laifin ɗaya. Wanda ya auna magani ya fesa a inda tsutsa take, a lokacin da ya dace, ya kare gonarsa. Wanda ya ninka awo ya fesa kan furanni da rana tsaka, ya wanke tankin feshi a rafi, ya kashe ƙudan zuma da kifi da kwaɗi da ƙwarin da ke cin tsutsar kanta, shi ya shiga sahun wanda aka zarga. Haka mai zuba guba a tafki don ya kwashi kifi a yini ɗaya.

Ƙofa dai ba ta rufe ba. Bhulan na Pakistan, wanda aka keɓe wa kogi tsakanin madatsun Guddu da Sukkur tun 1974, ya tashi daga wajen 1,200 a 2001 zuwa kusan 2,000 a 2017. Idan ɗaya ya ɓace ya shiga magudanar ban ruwa, akwai masu zuwa su kamo shi su lulluɓe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle su mai da shi kogi a mota. Da ruwan sama ya dawo Ostiraliya bayan farin, bogong ya fara komawa wasu kogunan dutsen, kodayake bai kai yawan da ba, kuma a Victoria ana roƙon mutane su kashe fitilun waje da ba su da amfani a watannin da yake tafiya. Ayyuka ne da hannun mutum ɗaya ke iyawa: kashe fitila, barin itace a tsaye, ƙin sayen kan angulu, auna magani kafin a fesa. Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka umarce shi ya ɗauki namiji da mace daga kowane iri, umarnin bai ware masu kyan gani ko masu amfani ba.

Ya Allah, Kai da Ka san kowane mai rai da sunansa alhali mu ba mu sani ba, Ka gafarta mana abin da hannuwanmu suka ɓata da saninmu da wanda suka ɓata cikin gafala. Ka saukar da ruwa mai albarka a inda fari ya ƙone, Ka bar wa koguna ruwansu. Ka ba masunci da manomi arzikin da ba sai sun halaka wata al'umma ba kafin su ci. Ka ba shugabanninmu tsoronKa a kan dazuzzuka da ruwayen da ke ƙarƙashin ikonsu. Ka tsare mu daga hasken da ke juyar da mu daga gare Ka, Ka sa mu lura yau da wanda muka saba wucewa ba mu duba ba, mutum ne ko dabba. Amin.